Man Itanol a Sudan: Daga Gonar Kenana Zuwa Suk al-Shabi

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda tana cikin jerin waɗanda ake shirya wa ɗalibai domin su saba da Hausar da ake tattauna al'amuran zamani da ita. Abin da za a duba shi ne tarihin wani mai da ake kira itanol, wanda ake samu daga tsirrai, a zuba wa mota shi kaɗai ko a gauraya shi da fetur. An daɗe ana gardama a kan ko wannan mai gyara muhalli yake yi ko ɓata shi. Maimakon a bi gardamar a dunƙule, an zaɓi ƙasa guda, wato Sudan, domin a ga yadda abin ya kasance a aikace.

A babban birnin Sudan akwai kasuwanni biyu masu suna ɗaya, Suk al-Shabi, wato kasuwar jama'a: ɗaya a Hartum, ɗaya a tsallaken kogi a Umdurman. Kowace kasuwa ce kuma tashar mota ce. Kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023, nan ne matattarar manyan motocin safa masu zuwa jihohi, da motocin dakon kaya, da ƙananan bas-bas na cikin gari da ake kira hafla, da ƙananan motocin haya da ake kira amjad, da kuma raksha, wadda ita ce keke mai ƙafa uku da muka sani a Kano. Bahaushe ba baƙo ba ne a irin waɗannan wurare. Tun ƙarnoni da suka wuce mahajjata ke ratsa Sudan a ƙafa, wasu su yada zango har zangon ya zama gida. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ya kai jama'arsa bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, inda garin Mai Wurno yake har yau. Da aka kammala madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, gumin mutanen Afirka ta Yamma yana cikin abin da ya raya su. Saboda haka zancen noman ban ruwa da zancen sufuri a Sudan, zance ne da ya shafi Hausawa.

2.0 Mene ne itanol?

Itanol barasa ce tsantsa, ita ce sinadarin da ke sa maye a cikin giya. Ana samun ta idan aka sa yis a ruwa mai zaƙi aka bar shi ya tsima, sannan aka dafa aka tare tururin. Wannan dahuwa takan kai ƙarfin barasar zuwa kimanin kashi 96 cikin 100. Wadda za a haɗa da fetur sai an ƙara busar da ita, an raba ta da ɗan ruwan da ya rage. A ƙasashe da yawa kuma akan zuba mata wani abu mai ɗaci ko mai guba domin kada a sha. Gaurayen da aka fi sani shi ne E10, wato kashi 10 itanol, kashi 90 fetur.

A Amurka daga masara ake yin ta. A Birazil galibi daga rake. A Sudan kuwa daga molas, wato baƙin ruwan nan mai kauri da ke saura bayan an tsame sukari daga ruwan rake. Mai karatu ya riƙe wannan bambanci, domin kusan duk gardamar a kansa take.

Akwai kuma wasu kalmomi da ke rikita ɗalibi. A Larabcin Sudan, fetur shi ne banzin, amma jaz ko jazolin man dizal ne. Mu ma a Hausar Nijeriya haka muke yi, mu ce man gas muna nufin dizal, alhali a Maraɗi da Damagaram gazuwal za a ji, fetur kuma esansi. Itanol galibi fetur take maye wa gurbi. Ba ta da abin yi a injin dizal na yau da kullum.

3.0 Shekarar 1975

Da farashin ɗanyen mai ya ninka kusan sau huɗu a rikicin 1973, ƙasashen da ba su da mai suka shiga uku. Birazil tana shigo da mafi yawan man da take sha, ga shi kuma tana da rake jibge. A watan Nuwamban 1975 gwamnatin sojan ƙasar ta ƙaddamar da shirin da ta kira Proálcool, na mayar da rake man mota. A 1979 aka fitar da Fiat 147, motar da ke tafiya da itanol zalla, a 2003 kuma aka fito da motocin da ke shan fetur ko itanol ko gaurayensu, duk wanda direba ya ga ya fi araha. Ya kamata a lura cewa ba don ɗumamar yanayi aka fito da shirin a 1975 ba. Kuɗin musaya ake son a tsimi. Hujjar muhalli daga baya ta zo.

A wannan shekara ta 1975 aka kafa kamfanin sukari na Kenana a Sudan, a gabashin Farin Nilu kusa da Rabak, kimanin kilomita 250 kudu da Hartum. Zamanin Ja'afar Numairi ne, lokacin da ake yayata cewa Sudan za ta zama rumbun abincin ƙasashen Larabawa: ƙasa da ruwa na Sudan, kuɗin mai na Larabawa, fasaha ta Turawa. Kamfanin Lonrho na Ingila, a ƙarƙashin Tiny Rowland, shi ya kawo shawarar. Kuɗin aikin ya ninka abin da aka ƙiyasta sau da yawa, aka karɓe ragamar gudanarwa daga hannun Lonrho a 1977, gwamnatocin Kuwaiti da Saudiyya suka zama manyan masu hannun jari tare da gwamnatin Sudan. An buɗe masana'antar a 1981. Duk da ba'ar da aka yi mata a jaridun Turai tun tana jaririya, ta zama ɗaya daga cikin manyan gonakin sukari na duniya, har ta taɓa haura tan 400,000 a shekara.

Rikici ɗaya ne ya haifi Proálcool da Kenana, amma Sudan ba ta bi hanyar itanol ba a lokacin, ko da yake wasu ƙasashen Afirka sun bi. Zimbabuwe ta fara a Triangle a 1980, Malawi a Dwangwa a 1982, dukansu daga molas. A Sudan kuwa, a watan Satumban 1983 Numairi ya kafa dokokin shari'a, aka tuttular da giya a Kogin Nilu a bainar jama'a. Daga baya kuma ƙasar ta sami nata man: a 1999 aka fara fitar da ɗanyen mai ta bututun da ya taso daga Hijlij zuwa gaɓar Bahar Maliya, a 2000 aka buɗe matatar Jaili a arewacin Hartum tare da kamfanin CNPC na ƙasar Sin. Mai matata a bayan gari ba ya neman mai a gonar rake. Molas ya ci gaba da zama abincin dabbobi, ko a ɗora shi a jirgin ruwa a Bur Sudan a sayar da shi da arha.

4.0 Masana'antar 2009

Kasuwar Turai ce ta sauya lissafin. A 2009 Tarayyar Turai ta kafa doka cewa kafin 2020 kashi 10 cikin 100 na makamashin sufuri ya fito daga abin da ke sabuntuwa. Sudan kuma tana cikin ƙasashe matalauta da aka yarje wa shigar da kaya Turai ba haraji. A watan Yunin 2009 Umar al-Bashir ya buɗe masana'antar itanol a Kenana, wadda kamfanin Dedini na Birazil ya gina, mai ƙarfin lita miliyan 65 a shekara. A watan Disamba na shekarar, jirgin farko ya tashi daga Bur Sudan da lita miliyan 5, ya nufi Rotadam ta ƙasar Holan.

Ke nan ƙasar da ta zubar da barasa a kogi a 1983 ta koma mai fitar da ita zuwa Turai bayan shekara 26, sai dai ba don sha ba. Direban raksha a Suk al-Shabi kuwa, man Jaili ya ci gaba da sha, hayaƙin da yake shaƙa bai sauya ba. Idan akwai ladan rage gurɓata iska, a littafin Turai aka rubuta shi.

5.0 Lissafin muhalli

Babbar hujjar masu goyon bayan itanol ita ce: iskar kabon da mota ke fitarwa in ta ƙona itanol, rake ne ya zuƙe ta daga sama lokacin da yake girma, kuma raken baɗi zai sake zuƙe ta. Fetur kuwa kabon ne da ke binne a ƙarƙashin ƙasa tun miliyoyin shekaru, aka tono shi aka ƙara wa sama. Hujjar gaskiya ce, amma ba ta cika ba sai an ƙirga man da tarakta ta sha, da takin zamani, da wutar da aka dafa barasar da ita.

A nan ne rake ya yi wa masara fintinkau. Bayan an matse rake, tuƙar da ta rage ita ake ƙonawa a tukunyar masana'anta, ta ba da tururi da lantarki, don haka masana'antar ba ta dogara da gawayin ƙasa ko iskar gas ba. Dokar Turai ta 2009 ta ƙiyasta cewa itanol ɗin rake tana rage iskar da ke ɗumama duniya da kashi 71 cikin 100 in an kwatanta da fetur. Hukumar kare muhalli ta Amurka a 2010 ta ba rake kashi 61, masara kuwa kimanin kashi 21 kacal. Ko wannan ɗan kaso ma an yi jayayya a kansa. A 2008 Timothy Searchinger da abokan aikinsa suka nuna a mujallar Science cewa idan aka karkatar da masara zuwa tankin mota, wani manomi a wata ƙasa zai sare daji domin ya cike giɓin abincin, kuma kabon ɗin da ke cikin wannan daji yana iya cinye ribar shekaru masu yawa. Shekarun 2007 da 2008 ɗin nan su ne na tsadar abinci, lokacin da aka yi zanga-zangar tsadar masara a Meziko, Jean Ziegler na Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ya kira mayar da abinci mai da cewa laifi ne a kan bil'adama.

Wannan zargi bai kama Kenana sosai ba, kuma adalci ne a faɗi haka. Molas saura ne, an riga an cire sukarin. Ba a ɗauki dawa ko gero daga bakin kowa ba. Abin da za a iya cewa shi ne, molas ɗin da ya tafi tukunya ya fita daga kwamin shanu, a ƙasar da kiwo ke ciyar da miliyoyin mutane.

Amma saura yana da iyaka, kuma lissafin ba shi da wuya. Tan ɗaya na molas yana ba da kimanin lita 250 ta itanol. Ke nan lita miliyan 65 tana bukatar tan 260,000. Tan ɗaya na rake kuwa kilo 35 zuwa 40 na molas yake bari. Ko a shekarar da Kenana ta matse rake tan miliyan 4, molas ɗinta bai wuce tan 160,000 ba. Sauran sai an sayo daga sauran masana'antun ƙasar, irin su Junaid da Sabuwar Halfa da Sinnar da Asalaya, ko kuma ta Farin Nilu da aka buɗe a 2012. Duk wanda ya so ya haura wannan iyaka, dole ya shuka rake musamman don mai. Daga nan kuma zancen ya koma na ruwa.

A ganina ruwa shi ne inda misalin Birazil ya daina aiki a Sudan, kuma shi ne abin da aka fi tsallakewa in ana yabon itanol. Raken jihar Sawo Fawulo galibi ruwan sama yake sha. Rake yana bukatar ruwa milimita 1,500 zuwa 2,500 kafin ya nuna, alhali damina a yankin Kenana ba ta kawo ko sulusin mafi ƙarancin wannan. Saura duk daga Farin Nilu ake ɗago shi da manyan famfuna, hawa-hawa, a tura shi ta magudanai zuwa gona mai faɗin fiye da hekta 30,000. Ruwan Nilu kuma a ƙirge yake. Yarjejeniyar 1959 ta ba Masar mita mai kusurwa biliyan 55.5 a shekara, ta ba Sudan biliyan 18.5, ba ta ba Habasha komai ba, wadda daga tsaunukanta mafi yawan ruwan yake gangarowa. Matuƙar sukari ake nema, ana iya cewa nauyin ruwan yana wuyan sukari, molas ya zo a kyauta. Ranar da aka buɗe sabuwar gona don itanol, to an sayar da ruwan Nilu ne a tankin mota, ruwan da zai iya shayar da alkama ko dawa.

Sai dagwalon da ke saura bayan dahuwa. Kowace lita ɗaya ta itanol tana barin lita 10 zuwa 15 ta wani baƙin ruwa mai tsami da wari. In ya shiga kogi yakan cinye iskar da kifi ke shaƙa. In an sirka shi aka mayar gona da ƙa'ida, taki ne mai yawan sinadarin fotash, in ya yi yawa kuma ya sa ƙasa ta yi gishiri, musamman ƙasar laka mai nauyi irin ta tsakiyar Sudan wadda ruwa ba ya saurin ratsa ta. Masana'antar da ke aiki da cikakken ƙarfinta na lita miliyan 65 za ta fitar da abin da bai gaza lita miliyan 650 na wannan dagwalo ba kowace shekara. Ga kuma al'adar cinna wa rake wuta kafin a sare shi domin a rage ganye, wadda ke turnuƙe ƙauyuka da hayaƙi da toka. Jihar Sawo Fawulo sai da ta kafa doka a 2002 kafin aka fara rabuwa da wannan al'ada.

Filin kansa ba kango ba ne kafin 1975. Makiyaya ne da gonakin dawa na damina, sunan gonar ma na ƙabilar Larabawan Kenana ne masu kiwo a yankin. Ɗalibin da ya san yadda burtali ke ɓacewa a ƙasar Hausa ya san sauran labarin.

6.0 Injin da ke tasha

A ce an kawo E10 gidajen man Hartum da Umdurman, me zai sauya? Akwai amfani na zahiri. Itanol tana ɗauke da iskar oksijin a jikinta, don haka tsohon inji mai kafireta yakan ƙona mai da kyau, ya rage fitar da iskar nan mai guba marar wari da ke sa ciwon kai a cunkoso. Tana kuma ɗaga darajar oktan, wato ƙarfin mai na jure matsi ba tare da ya fashe kafin lokaci ba. Wannan aiki a da sinadarin dalma ake sa wa fetur ya yi shi, dalma kuwa tana lalata ƙwaƙwalwar yara. Sai a 2021 duniya ta rabu da fetur mai dalma gaba ɗaya, Aljeriya ce ta ƙarshe.

Illolin su ma na zahiri ne. Ƙarfin lita ɗaya ta itanol kimanin kashi biyu cikin uku ne na litar fetur, saboda haka E10 yana rage nisan tafiya da kimanin kashi 3 cikin 100, kuma lita miliyan 65 ta Kenana ba ta wuce matsayin lita miliyan 43 ta fetur ba. Gaurayen ya fi fetur zalla saurin tashi ya bi iska, abin da ba ƙaramin lamari ba ne a garin da zafi ke haura digiri 40 watanni a jere, domin wannan tururi in ya haɗu da rana yana haifar da hazo mai cutar da huhu. Itanol tana jan ruwa: in ruwa ya shiga tankin gidan mai, sai gaurayen ya rabu biyu, barasa da ruwa su kwanta a ƙasa. Tana kuma cin tsohuwar roba da tiyo, wanda duk bakanike zai gane ma'anarsa a wurin mai tsohuwar amjad.

Babbar matsalar dai ita ce wadda aka ambata tun farko. Motocin safa, da manyan motocin kaya, da yawancin hafla, duk jaz suke sha. Baƙin hayaƙin da ke tashi a tasha nasu ne, kuma itanol ba ta taɓa shi, kamar yadda ba ta taɓa ƙurar habub da ke rufe birnin a bazara. Ni a nawa ra'ayi, da murhu aka kai wannan barasa da ta fi yin amfani, a ƙasar da gawayin girki ya ci dazuzzukan ƙaro da bagaruwa. Habasha ta gwada haka a sansanin 'yan gudun hijira na Kebribeya da itanol ɗin masana'antar sukarin Fincha. Ta kuma fara gauraya itanol da fetur a Adis Ababa tun wajajen 2009, kuma kamfanin Nile Petroleum na Sudan ne ya fara yi mata aikin gaurayawar, kafin a ga irin wannan mai a Hartum. Nijeriya ma ta fitar da manufar E10 a 2007, da rogo da rake a zuciya, amma abin bai kai gidajen man Kano ko Zariya ba.

A ranar 9 ga Yulin 2011 Sudan ta Kudu ta ɓalle da kimanin kashi uku cikin huɗu na man ƙasar. Sudan ta koma inda Birazil take a 1975: ga rake, ga ƙarancin mai, ga ƙarancin dala. Kenana da Nile Petroleum suka fito da gauraye mai suna Nile Ultra a wasu gidajen man Hartum, amma bai zama man kowa da kowa ba. Dalilin da na fi gamsuwa da shi na kuɗi ne. A lokacin fetur yana da tallafin gwamnati, ana sayar da shi da fam ɗin Sudan mai faɗuwa kullum, itanol kuwa in ta je Rotadam kuɗin waje take kawowa. Duk lokacin da gwamnati ta taɓa tallafin kuma, titi ne ke amsawa: an yi zanga-zanga a watan Yunin 2012, an yi mafi muni a Satumban 2013 inda aka kashe mutane da yawa. A 2018 direbobi suka riƙa kwana a layin mai, tsadar burodi ta tayar da Atbara a watan Disamba, al-Bashir ya faɗi a watan Afrilun 2019. Gwamnatin riƙon ƙwarya ta cire tallafin fetur da dizal gaba ɗaya a watan Yunin 2021, wanda a ƙa'ida shi ne yanayin da itanol ta gida za ta iya gogayya da man da ake shigowa da shi.

Ba a sami lokacin gwada wannan ba. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: a ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF a tsakiyar birnin. Miliyoyin mutane suka bar Hartum, da yawa a cikin motocin safar nan masu shan jaz, a kan kuɗin da ya ninka na da sau da yawa. A watan Yulin 2023 harsasan igwa suka faɗa Suk al-Shabi ta Umdurman, mutane da dama suka mutu. Matatar Jaili ta zauna a hannun RSF har watan Janairun 2025, lokacin da soja suka karɓe ta bayan gobara ta ci wani sashe nata, a watan Maris kuma suka karɓe tsakiyar Hartum.